Igiyar jar akuya

Shekarun baya, lokacin ina kabu-kabu a Tasawa, wani kamfani na samarin Yamai ya sauka garin da aikin awaki. Jar akuyar nan tamu suke bi. Wai masu sayen fatarta a Turai suna son su san wace akuya ce, wa ya kiwata ta, a wane gari. Sai a maƙala mata ɗan kunne na roba mai lamba, a ɗauki hotonta, a shigar da sunan mai ita cikin wani abu da suke kira blokshen.

Ni a ajin katiriyem na sakandare aka koro ni daga lakwal, wato makaranta, Faransancina bai wuce na tambayar hanya da zagin jandarma a zuci ba. Amma ya isa suka ɗauke ni in riƙa goya wata madam ɗinsu a moto zuwa ƙauyuka, ina fassara mata, don Bazabarma ce, Hausarta ta gaisuwa ce kawai. Na tambaye ta mi ne ne blokshen ɗin. Ta ce in ɗauka kasuwa ce wadda ba ta da sarkin kasuwa. Ba su suka kafa ta ba, rumfa suka kafa a ciki, kamar yadda wasu kamfanoni suka kafa nasu. Abin da aka rubuta a can, kwamfutoci barkatai a duniya ke riƙe da shi, ba mai gogewa. In an sa akuya da sunan mutum, to tashi ce, sai in shi da kanshi ya miƙa ma wani.

Na ce, "Madam, ko perefe mai mulkin gari ba ya gogewa?"

Ta ce ko perefe. Na ce to, mu gani. Duk poroje na raya ƙasa da ya zo ƙasar nan na ga zuwanshi na ga tahiyarshi, abin da yake bari allo ne a bakin hanya.

Ana nan ana nan, aiki ya kai mu ƙauyenmu, can wajen Maijirgi. Ban so ba. Ni ɗan fari ne, kuma mahaifiyata irin matan da ce masu kunya ta gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallona ido da ido, ba ta yi mini magana kai tsaye, kakata ce ta raine ni. In ta kama dole ta ambace ni, sai ta ce "wancan". Na san al'ada ce, kowa ya sani. Amma sanin al'ada bai hana ni ganin tana dama ma ƙanena fura da hannunta tana kiranshi da sunaye kala-kala ba. Da haka na girma, na yanke cewa gidan nan ba ni da komi a ciki, na tahi Tasawa.

Muka tarad da ita a tsakar gida tana tsince wake, awakinta a turke, jajaye, sun yi ƙyalli. Ƙanena, wanda shi ke zaune da ita, ya riga ya ji labari, ya sa riga mai guga. Ya ce in gaya ma madam Inna ta tsufa, ba ta da salula, a sa su duka da sunanshi. Gaskiya shi ke yanko masu ciyawa, shi ke ɗebo masu ruwa. Na fassara maganarshi daidai, ban rage ba. Na san in aka danna, shi ke nan, sun zama nashi har abada.

Madam ta ce a'a, dokar aikinsu sai an tambayi matar gida da bakinta. Wato ni zan tambayi mahaifiyata. Na dubi danga na ce, "Baƙuwa na tambaya, awakin ga na wa ne?"

Ita kuma ta dubi faifanta. "A ce ma baƙuwa ba nawa ba ne."

"To na wa?"

"Na mai su."

Ƙanena ya tafa hannu. "Wala! Kun ji ko? Ni ke nan."

"Kai auta, ruhe mini baki," in ji ta. "Uwar uwayensu ta riga ka shigowa gidan ga. Ranar suna tsohuwata ta jawo ta, ta ce ta yaro ce. Shekarar fari kwanonin jerena na kai kasuwa, ban kai akuya ɗayar da ta rage ba."

Ban san wannan ba. Kwanonin na tuna su, na kuma tuna ranar da bango ya wayi gari tsirara. Na fassara ma madam. Ta ce labarin ya yi daɗi, amma na'ura ba ta karɓar "yaro", suna take so.

Ƙanena ba wawa ba ne. Ya gyara tsayuwa yana murmushi ya ce, "Gaskiyar madam. To Inna, faɗi sunan mana. In babu suna, ga nawa a kusa."

Matan maƙwabta sun leƙo ta saman danga. Kowa ya san ba za ta iya ba, ni ma na sani. Na fara laluben makullin moto a aljihu, don na gama ba kaina haƙuri.

Sai ta aje faifai. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta je turke ta kwance tsohuwar cikinsu. Ta jawo ta har inda nike, fuskarta na kallon wani gefe. Ta kamo hannuna, ta sa igiyar a ciki, ta naɗe mini yatsu a kai da nata. Hannunta kaushi gare shi, ban taɓa sani ba sai ranar. Daga nan ta ja mayafi ta shige ɗaki.

Madam ta ce, "Mi ta ce?"

Na ce ba ta ce komi ba.

"To sunan wa zan sa?"

Na faɗa mata sunana, ta danna.

Ƙanena ya ɗaga murya wajen ƙofar ɗaki. "Ciyawar da na yi ta yanka hwa, Inna?"

Daga ciki ta ce, "Nonon da ka yi ta sha hwa?"

Matan danga suka kwashe da dariya, har madam, wadda ba ta ji ko kalma ɗaya ba.

Kamfanin bai daɗe ba ya naɗe tabarmarshi. Abin da suka sa mini a salula ya daina buɗewa. Wani abokina da ya san harkar ya ce sunana na nan, rumfa ce ta tashi, kasuwa ba ta watse ba. Wataƙila. Ban taɓa gani da idona ba, ban kuma nema ba. Fata ko ɗaya ban sayar ma Bature ba.

Ba zan ce na zama mutum mai sanyin rai ba. Har gobe ina jin haushin lakwal, ina jin haushin tsadar isansi, man moto, ina jin haushin samari masu zuwa da kwamfuta su koya mana kiwon akuya. Amma akwai wani haushi guda, mafi tsufa cikinsu, da na neme shi bayan ranar nan na rasa. Abin da ke ba ni dariya, sai da aka taso tun daga Yamai da na'urar da ba ta san kunya ba, sannan na san matsayina a gidanmu.

Awakin na bar su inda suke, ni ina zan kai su a gidan haya? Ƙanena ke kiwo, duk haihuwa muna rabawa. Bana matarshi ta sauka, ya zo har Tasawa, ya tsuguna bakin ƙofata ya ce, "Yaya, taure guda nike so, na suna."

Na yi kamar ban ji ba, sai da ya maimaita. Sannan na ce ya ɗauki babban.