Iskar da na rage a bakin kogi

Assalamu alaikum. Tun kafin damina ba ku ji ɗuriyata a nan ba, har wani ya tambayi yayana ko na tafi ci-rani ne. Ina nan Haɗeja, na daɗe a kwance. Yau na samu ƙarfin ba ku labari.

Wanda ya san ni ya san sana'ata gyaran injin ban-ruwa ce, kullum ina kan babur cikin fadama.

Mu masu shiga fadama muna da wata dabara. In za ka ratsa yashin bakin kogi, sai ka sa tsinke a bawul ka rage wa taya iska, don ta baje ta daina nutsewa. Kowa na yi, kuma tana aiki. Sharaɗin kawai shi ne ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta.

Ranar da abin ya faru na rage iskar saboda yashi, na ɗauko injin wani manomi daga wajen Baturiya, na ɗaure a baya. Da na fito titi na tarar mai facin da ke mahaɗar hanya ya rufe, ya tafi kasuwa. Na danna tayar baya da babban yatsa, na ce za ta kai ni gida in na lallaɓa.

Rana ta take, kwalta ta yi zafi, ga nauyi. Na fara jin bayan babur ɗin yana lilo. Kafin in kama birki tayar ta sace gaba ɗaya. Daga baya aka nuna mini tub ɗin, ya yage daga gindin bawul.

Babur da inji duk a kan ƙafata ta dama suka sauka. Ƙashin ƙauri ya karye, har ya huda fata.

Yaya Bukar, babban wanmu, shi ya fara isowa. Ya ce, "Ba asibiti za mu ba, can yanke ƙafa suke yi. Akwai mai ɗori na hannu." Ni kaina kalmar yankewar nan ce ta sa na yarda.

Aka ɗaure ƙafa da karare. Ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ni, sai wari ya fara tashi. Matata Hajara ce ta tsaya a kan Yaya. Mace ce da ba ta ɗaga ido a gabansa, amma ranar ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, in ba ku kai shi ba, ni zan nemo mota." Sai ya fita ya nemo da kansa.

A asibiti aka yi hoto, aka ɗebi jini. Likitan ya kwance ɗorin, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Malam, ciwon ya ruɓe. Za mu yi ƙoƙari mu ceci ƙafar, amma ban yi maka alkawari ba."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Mai gyaran inji a fadama da ƙafa yake cin abinci. Na yi kuka, na juya fuska bango don kada Hajara ta gani, ashe ita ma abin da take yi ke nan.

Aka yi tiyata, aka sa ƙarafa ta waje, ƙafar ta koma kamar eriyar talabijin. Sai wankin ciwo kowace safiya. In na ji ƙarar keken magani na ma'aikaciyar jinya daga nesa, salati nake farawa. Ita kuwa sai ta ce, "Injiniya, yau ma za mu sha waƙa?"

Magani da allurai sun ci babur ɗin, sun ci tumakin Hajara. Yaya Bukar ya ba ni jininsa, kuma bai yarda wani ya karɓe shi zaman jinya ba.

Wata safiya likita ya buɗe ciwon, ya ce, "Ka ga jan naman nan? Sabo ne. Ƙafarka ta tsira." Ban san lokacin da na riƙe hannunsa ba.

Daga nan sai sanduna, sai gashin ƙashi, sai koyon tafiya kamar yaro.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da ma'aikatan jinya, da manoman da suka yi ta aiko da shinkafa da kifi, da ku da kuka yi addu'a.

'Yan'uwana masu babur, yatsa ba geji ba ne. Ku sa mai faci ya auna da geji, da safe kafin taya ta yi zafi. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin babur, galibi kusa da sarƙa, kuma na gaba daban, na baya daban. In za a ɗauki kaya, ta baya tana son ƙari. Kada kuma a cika ta tam don tsimin mai, santsi take yi. In kun rage saboda yashi, ku riƙe ƙaramin famfo a jaka. Karayar da ta huda fata kuwa, asibiti kai tsaye.

Jiya likita ya ce in ajiye sanda. Da muka dawo gida, Hajara ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado. Takalmina ne na dama. Ta ce tun ranar da aka kwantar da ni ta ɓoye shi, don in ƙafar ba ta dawo ba, kada in gan shi a bakin ƙofa.

Na hagu ya sha yawo har ya cinye, na dama yana nan garau. Haka na saka su, na taka da ƙafata zuwa masallaci.