Rugar da Na Ɓoye a Taswira

Ko da zan manta duk ayyukan da na yi a rayuwata, ba zan taɓa manta rugar da na ɓatar da hannuna ba.

Lokacin ina gida Kankiya, ban daɗe da fara rubuta manhajar waya ba, ga kai ya kumbura da ganin na iya. Wata ƙungiya mai yi wa shanu allurar rigakafi ta ba ni aikin haɗa mata taswira a waya: kowane ƙauye da shuɗiyar alama, kowace ruga da ja, ga suna a sama. Ma'aikatansu baƙi ne, ba su san yankin ba. Inda jar alama ta nuna, nan kawai za su je.

Ni na riƙa yawo a babur ina ɗaukar wuraren. In tsaya a wuri, in danna, waya ta riƙe inda nake. Da na isa Kaikai, a ƙasar Kusada, na tambayi hanyar wata ruga, sai mai unguwa ya ce ba a yin haka. Baƙo ba ya wuce ƙofar gidansa ya faɗa daji, sai dai a aika a kira Ardo. Aka shimfiɗa mini tabarma. Can sai ga Ardon, dattijo siriri, riƙe da ƙwaryar nono.

"Baffa, rugar taku da nisa?" na tambaye shi.

"Babu nisa, ɗana. Bayan kukar can ce. Tashi mu tahi ka ga shanun."

Na dubi rana, na dubi yashin da zan tura babur a ciki, ga nono ya kwanta mini. Na ce a raina duk ɗaya ne. Ina zaune a tabarmar nan na danna.

Da na buɗe taswira a gida, sai na ga jar alamar ta hau kan ta Kaikai, sunaye biyu sun cakuɗe. Maimakon in koma in gyara, sai na rubuta ɗan umarni a cikin manhajar: in alamomi biyu suka haɗu, ta ƙauye ta fito, ɗayar ta ɓuya, sai an buɗa taswirar sosai da yatsu. Taswira ta yi fes, har ina nuna wa abokai. Ban ko gaya wa masu allurar ba.

Bayan wata biyar na haɗu da Ardo a kasuwar Kusada. Shi ya fara gane ni.

"Ɗana, masu allurar nan ba su zo ba hwa. Kwana uku muna tsare da shanu muna jira. Ciwon huhu ya shigo mana, sha ɗaya sun tahi, har da wadda na ba ɗiyata. Ko sunanmu bai shiga wayar taka ba?"

Na ciro waya na buɗa taswirar, jar alamar ta ɓullo daga ƙarƙashin shuɗiyar. Ya daɗe yana kallonta.

"Ashe ka sa mu. To Allah ne bai nufa ba. Mun gode, ɗana."

Godiyar nan ita ta fi ci mini rai har yau, domin karɓarta na yi. Kunya ta hana ni cewa laifina ne. Na goge umarnin a ranar, bayan mako biyu na tura babur cikin yashin har bayan kukar. Turaku kawai na tarar. Aka ce sun tashi da sauran shanun, ba a san inda suka nufa ba.

Tun daga nan na san kowace alama a taswira mutane ne ke zaune a ƙarƙashinta suna jira. Ba na ƙara sa alama sai ƙafata ta taka wurin, ba na kuma ɓoye kowa don aiki ya yi kyau a ido. In kuwa na yi kuskure, nan take nake faɗa, don na ga yadda neman gafara ke wuce mutum.