Ranar da Na Haɗa Tebur Biyu

Wata biyu ke nan, amma har yanzu in na ji ƙarfe ya bugi ƙarfe sai na waiwaya da sauri.

Da na gama sakandare na sami aiki a wani shago a Makera, inda ake gyaran murhun gas da sifika. Mu uku ne: Baba mai shagon, da ya daɗe a masana'anta a Kudenda, da Anti mai liƙa wayoyi da dalma, sai ni. Ranar farko Baba ya nuna mini tebur biyu. Na hagu na maganaɗisun sifika ne. Na dama na 'yan duwatsun kunna murhu, kamar guntun alli, kowanne da 'yar wayarsa. "Kada su haɗu," ya ce. Bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Al'adarmu, in an ɗauke lantarki sai a fito da fetur a wanke kawunan murhu, tunda a ganinmu babu abin da zai yi tartsatsi. Ranar da abin ya faru Anti na zaune a ƙasa, hannunta cikin kwanon fetur.

"Ke 'yar boko, kin tsaya kamar falwaya. Share tebur mana!" ta ce mini.

Na so in burge ta. Na kwashe komai na teburan biyu cikin faranti ɗaya, manyan maganaɗisu biyu a gefe da gefe, duwatsun a tsakiya. Ina daidai kanta farantin ya karkata. Ƙas! Maganaɗisun suka yi tsalle suka matse dutse ɗaya. Na ga tartsatsi shuɗi. Kafin in ƙifta ido kwanon ya kama da wuta, hannun Anti na dama ya kama.

Na sandare da faranti a hannu. Baba ne ya jawo jiƙaƙƙen buhu ya danne ta.

A barandar asibiti nake ta cewa, "Baba, ai babu lantarki. Babu fa!"

"Dutsen nan ba ya jiran lantarkin gari, 'yata. Ƙwayoyin cikinsa a jere suke. In aka matse su jerin ya ɗan goce, lantarki ya fito. Yau maganaɗisu ne ya matse. Akwai ma wasu duwatsun da masana ke bincike a kansu, jeri da lantarki da maganaɗisu duk a ɗaure cikin dutse guda, ka taɓa ɗaya sauran su motsa." Ya share fuska. "Laifina ne da ban gaya miki ba."

A makaranta babin maganaɗisu daban, na lantarki daban. Ba wanda ya ce mini sun san juna.

Likita ya ce sai an kwance bandeji za a san ko yatsun za su lanƙwashe. Da hannun nan Anti ke ciyar da 'ya'yanta. Sati uku ko abinci ba na iya ci sosai.

Ranar kwancewa ina bakin gado. Ta cije leɓe ta gwada. Huɗu suka lanƙwashe, ƙaramin ya ƙi.

Na fashe da kuka.

"Yi mini shiru, dama shi ba ya riƙe komai, malalaci ne irinki. Miƙo hannu."

Ta kama hannuna da yatsu huɗu, ta matse.