Gaisuwar Yayana a Kwandon Shara

Shekarun baya, ƙarar da na fi jira ita ce kukan modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin waya, wata tsuwa kamar tsuntsu ya maƙale a rufin kwano. Ina aiki a wani ƙaramin ofis a Tudun Jukun, inda kwamfuta ɗaya ke karɓar imel na mutanen gari, mu buga musu a takarda.

Saƙonnin talla sun dame mu, sai ogana ya haɗa wata matatar saƙo da ke jefa su kwandon shara na kwamfuta tun kafin mu gani.

A lokacin yayana yana karatu a waje, kuma ya yi shiru. Kullum na koma gida Kwarbai, mahaifiyata na bakin murhu.

"Yau ma injin bai ce komai ba?"

"Bai ce ba, Inna."

Ta rage cin abinci. Ta fara cewa ko ba shi da lafiya ne muke ɓoye mata.

Na roƙi ogana mu gwada matatar. Na riƙa aiko wa ofis baitocin da nake rubutawa a ɓoye, duk suna shigowa lafiya.

"Malama," in ji shi, "injin dai yana son waƙarki. Ni ne ban gane ta ba."

Rannan layi ya yi ta yankewa, na aika baiti guda sau da yawa don haushi. Ko ɗaya bai iso ba. Ogana ya dafe kai. Ashe ya koya wa matatar cewa saƙo iri ɗaya da ya yi ta maimaituwa talla ne.

Ya buɗe kwandon, sai ga saƙonnin yayana. A gidanmu ba a haɗa manya a gaisuwa ɗaya, kowa da tasa. Shi kuwa sai ya rubuta kalmomi iri ɗaya ya aika wa Inna daban, kaka daban, gwaggo daban.

Ogana ya buga ya miƙo mini. Na manta mayafina a kan kujera saboda sauri. Inna ta sa na karanta mata tata, sannan ta ce a zubo mata tuwo.

Har yau nakan leƙa kwandon shara kafin in yi fushi da shirun wani.

Sai bayan shekaru ogana ya gaya mini akwai saƙon mutum ɗaya da bai buga ba. Duk lokacin da yayana ya gaida gida, yakan aika da na Baba, wanda ya rasu tun kafin tafiyarsa.