Baba Gwadabe, Mai Gyaran Rubutu na Bakin Gada

Kullum da hantsi Baba Gwadabe yakan jingine kekensa a jikin shagon ɗab'i na bakin gadar Wudil, ya goge tabarau da bakin riga, ya zauna yana nishi. Aikinsa gyara rubutun mutane kafin a buga. Ba a miƙa masa takarda a tafi. Sai ka tsaya ka karanta masa da bakinka.

'Yan layin duk sun shaida ranar da wani mawaƙi daga Utai ya kawo waƙar zambo a kan yayansa. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ta yi daɗi. Dawo bayan kasuwar Juma'a." Da mutumin ya dawo ya huce, shi da kansa ya ce a cire rabinta.

Bana mai shagon, Alhaji Sabo, ya sayo tafireta mai lantarki daga Kano, wadda ke goge kuskure da kanta.

"Baba, ka huta haka nan. Ga mai gyara, ba ta shan shayi."

"To Alhaji, Allah ya sa wuta ta zauna."

Ƙarshen watan nan Baba zai ajiye aiki.

Ni ma na kai nawa, labarina na farko. A kan mahaifina ne, wanda ya bar gona ya tafi Ikko sauke siminti, muka ji shi shiru. Da sunansa na gaskiya na rubuta, ban rage komai ba. Tafiretar ta fito da shi tas, saura a kai ɗab'i. Na karanta wa Baba. Da na gama, ya dube ni.

"'Yata, in ya kai hannun mahaifinki, so kike ya ji kunya, ko so kike ya dawo?"

Na ce ban sani ba.

"To ba a gama ba. Koma da shi gida."

Kai ne, Baba, mai kunnen da ba ya ƙosawa. Idonka ya gaji, bayanka ya gaji, amma ka ji ni. Na gode, Allah ya saka da alheri. Duk wanda zai zauna gaban injin nan, don Allah ya riƙa ɗaga kai ya dubi mai takardar.

Labarin yana nan, ina ta fama. Jiya na cire sunan, na sa ranar da ya koya mini shukar gero. Dawowa nake so ya yi, Baba.