Saniya Ta Bakwai

Ni dai ban iya zama wuri ɗaya ba, kowa a gidanmu ya shaida. Shekarar da na gama karatun kwamfuta na dawo Kaura Namoda babu aikin yi, in shiga ɗaki in fito tsakar gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai, har Inna ta ce in nemi abin yi ko in bar ta ta sha iska. Lokacin kuwa shanu na yawan ɓata a yankinmu, cigiya sai baki da baki. Sai na ce to, zan yi shafin cigiya a intanet: hoton saniya, launinta, alamarta, da inda aka yi mata ganin ƙarshe.

Na rubuta shi da wani harshen manhaja da nake ji da shi ƙwarai. Harshe ne mai tsauri, ba ya barin komai ya canza a bayan idonka, in kuma ka manta da wani hali da zai iya faruwa, ba zai yarda aikin ya tashi ba sai ka gyara. Har cika baki nake yi cewa abin da na rubuta da shi ba ya kuskure.

Matsalar farko ita ce adireshi. Duk saniyar da ka buɗe, adireshin da ke saman burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ba ya motsi. In ka tura wa wani, farkon shafi zai buɗe masa, ya yi ta lalube. In ya danna komawa baya, sai ya tsinci kansa a waje gaba ɗaya. Dillalan kara, wato kasuwar shanu, suka dame ni da ƙorafi. Na ɗauko kayan aiki biyu da masu harshen suka tanada: ɗaya yana karanta adireshi ya san shafin da zai nuna, ɗaya yana rubuta sabon adireshi ya riƙe hanyar da ka biyo, don komawa baya ta yi aiki. Kwana uku ina fama, abinci ma a tsaye nake ci. Daga ƙarshe kowace saniya ta samu lambarta a wutsiyar adireshi. Lambar kuwa daga matsayinta a jeri na ɗauko ta, ta farko ɗaya, ta biyu biyu, don shi ya fi sauri.

Wata Litinin sai ga Kawu, yayan Inna, daga Jangeru. Mutum ne da ba ya shigowa gari sai dole. Ko ruwa bai sha ba ya ce jar saniyarsa ta ɓata, mai karyayyen ƙahon hagu, jikar wadda mahaifiyarsu ta bar masa. Ita kaɗai ta rage daga wannan tsatson.

"Ɗiyata, an ce kina da abin nema," ya ce. "Ni zan bi sawu cikin daji. Ke ki tsare min kasuwa."

Na ce, "Kawu, ka kwantar da hankalinka, in ta taka kasuwa an kama ta." Na sa hoton da wani maƙwabcinsa ya taɓa ɗauka, ta zama ta bakwai a jeri. Na tura adireshinta ga wani dattijon dillali a karar Shinkafi, na ce ya buɗe ranar Alhamis da kasuwar ke ci ya sa ido.

Ranar Laraba wani mutumin Zurmi ya kira ni yana ta hamdala, an ga tasa saniyar, ta uku a jeri. Ya ce in sauke cigiyar yanzu-yanzu. Haka mutanenmu suke: ba a barin cigiya bayan an samu dabba, don kada gobe wani ya gan ka da ita ya ce sata ka yi. Na sauke, har da yi masa barka. Ko a jikina ban ji komai ba.

Alhamis na kasa zama. In duba waya, in ajiye, in sake dubawa. Na share tsakar gida sau biyu. Bayan la'asar haƙurina ya ƙare na kira dillalin.

"Baba, babu labari?"

"Babu, ɗiyata. Tun safe nike dubawa, farar nan ba ta shigo ba."

"Wace fara kuma? Ja ce!"

Nan take na gane. Da na cire ta uku, duk na bayanta sun matso gaba. Saniyar Kawu ta koma ta shida, lamba bakwai ta faɗa kan wata farar karsana.

"Ja mai karyayyen ƙaho?" ya ce a hankali. "Innalillahi. Da hantsi ta wuce ta gabana. An loda ta a motar kudu."

Na fita ko mayafi ban daidaita ba, na shiga motar Shinkafi. Me zan je in yi? Oho. Na isa kara ta watse, sai kashin shanu da sawun taya. Haushin kaina ya ishe ni. Harshen da nake taƙama da shi ya tilasta min tanadar abin da za a nuna in adireshi ya ɓace, amma ina zai san cewa bakwai ɗin jiya ba ita ce bakwai ɗin yau ba?

Gyaran bai ɗauke ni rabin awa ba, wannan ne ya fi ci min rai. Kowace saniya ta samu lambar da ba ta canzawa, ko an cire ɗari a gabanta.

Asabar Kawu ya dawo, ƙafafunsa duk sun kumbura. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba. Na so ya yi min faɗa, wallahi na so. Sai kawai ya ce, "Mu ba mu ƙirga su, ɗiyata. Kowace da sunanta."

Da zai tafi na tambaye shi ko in sauke cigiyar. Ya ce a'a, ai ba a same ta ba.

Har yau tana nan. Duk zuwan da zai yi Kaura, bayan gaisuwa sai ya miƙo hannu ya ce in buɗe masa ita. Ina buɗewa kuwa ita ke fitowa, ja, da karyayyen ƙahonta, babu kuskure.