Yadda sipor ɗina ya ƙare da damin harawa

Mai moto, wato babur, na uku ke nan da ya tsaya mini yau da safe a hanyar Bonkuku. "Malam, hau in kai ka." Na ce a'a, sipor nake yi, motsa jiki. Likita ne ya ce tansiyona, wato hawan jini, ba za ta sauka ba sai na riƙa barin kujerar buro, ofishinmu, ina taka ƙasa.

Ina cikin haki sai ga Gwaggo Hajo, yayar babana, ta cim mini daga baya. Ta haura saba'in, ga damin harawa a kanta za ta kai kasuwa.

Ta ce, "Isuhu, wa ya rasu?"

"Ba kowa, Gwaggo. Tafiya kawai nake."

"Zuwa ina?"

"Ba ko'ina. In na kai wancan icen gawo sai in juyo."

Ta dubi gawon, ta dube ni. "Mi anka aje maka can?"

"Likita ne ya ce in yi."

Sai ta sauke damin ta ɗora mini a ka. "Tunda ba ka da inda za ka, ni ina da."

Haka na shiga kasuwar Filinge da sabon takalmin gudu da harawa a ka, ita tana gaba tana gaya wa mutane, "Ku bar dariya, magani shikai."

Da na sauke, sai na nemi wuri na zauna. Ita kuwa ta juya gida ɗauko na biyu.

Don Allah, ku ma akwai tsohon da ya fi ku ƙafa a gidanku, ko ni kaɗai ne?